Kamfani Na Uku

Da sunan Allah. Ni ce mahaifiyarku, kuma hankalina garau yake, ƙafafu ne kawai suka ƙi. Da hannuna nake wannan rubutu.

1. Gida ku raba shi yadda shari'a ta ce. Keken ɗinki na Auta ne tun ina raye, kada in ji wani ya ɗaga maganar.

2. Tsohuwar tafiretar da ke bayan akwatina ba ta cikin rabo. Babba, kai za ka kai ta hukumar bincike, tare da ambulan ɗin da na liƙe, bayanina na ciki. Ga dalili.

Shekara ashirin da shida ina buga takardu a ofishin ba da kwangila. Doka ta ce kamfani uku za su nema, a ba mai rahusa. Darakta kuwa da nasa guda a aljihu. Sauran biyun ni nake ƙirƙira, in buga musu farashi mai tsada don su faɗi. Da aka ce sai da sunan mutum mai rai, kamfani na biyu na ba da na ƙanena, kawunku, da saninsa, ana kuma ɗan sam masa. Na ukun na sa naka, Babba, kana shekara sha takwas. Fom ɗin jami'a na ce maka, ka sa hannu kana murna. Na ɗauka kamfanin da aka yi don ya faɗi ba zai cuci kowa ba. Ashe bayan na yi ritaya Darakta ya riƙa ba shi aiki. Rufin asibitin nan da ba a taɓa ɗorawa ba, da sunanka aka karɓi kuɗinsa.

Yanzu an kwashe tsoffin fayil an zuba a kwamfuta, kowa na gani. Sammacin da kake ɓoye mini, na san da shi. Ni za ka ɓoye wa takarda?

3. Tafiretar tana karkata harafi ɗaya, kuma haka ya fito a takardun duk kamfanonin ukun, don har na Darakta ni nake bugawa. Ita ce shaidarka. Sai dai ba yadda za a wanke ka ba a ambaci kawunku ba, fayil ɗaya kuke. Wata huɗu ina juya abin nan, ban ga ƙofa ba. Wallahi tsoro nake ji, shi ya sa na bari sai bayan raina.

4. Ke Nas, ki daina gaba da yayanki kan ya zubar mana da suna. Bai ci ko sisi ba. Fushin nawa ne, ki kawo shi nan.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku abinci na halal. Ku riƙe juna. Ku riƙe 'ya'yan kawunku, ko sun rufe muku ƙofa ku sake komawa. Shi kuma ku gaya masa yayarsa ta zaɓi ɗanta, kuma ba ta iya duban idonsa ta faɗa ba.