Na Amsa wa Yayana Layi-Layi a Gaban Jama'a

Malama, ina neman taimakonki. Ban saba kai kuka ba, kuma na daɗe ina juya wannan wasiƙa kafin in aiko ta.

Ni da yayana muna cikin masu aikin sa-kai da ke kula da wata manhajar kwamfuta ta kyauta, wadda kowa ke da damar gyarawa. Shi ya koya mini aikin tun ina jami'a, a kan teburin cin abincinsa, matarsa tana ture mana wayoyi don ta ajiye kwano. Ɓangarensa shi ne umarnan da ke tayar da ayyukan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya idan an kunna ta. Da hannunsa ya rubuta su, kuma ya san dalilin kowane layi.

Bana aka kawo shawarar komawa sabon tsari, mai tayar da ayyuka gaba ɗaya, mai farfaɗo da wanda ya tsaya. Zauren tattaunawarmu na intanet ya rabu biyu. Yaya ya rubuta cewa sabon ya tara iko a wuri guda, kuma idan ya lalace ba kowa ke iya leƙa cikinsa ba. Ni na ga amfaninsa ya fi yawa. Sai na bi al'adar zauren: na yanko maganarsa layi-layi, na rushe kowanne a ƙarƙashinsa. Ban zage shi ba. Amma katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, ban kuwa taka na faɗa masa tukuna ba.

Ɓangarenmu ya yi rinjaye. Washegari Yaya ya ajiye aikin a zauren, ya yi wa kowa godiya. Har yanzu yana gaishe ni, yana ɗaukar 'yata a kafaɗa. Sai dai idan na shiga ɗakinsa, yakan rufe kwamfutarsa a hankali ya tambaye ni lafiyar iyali. Da can kujera yake jawo mini.

Ban sauya ra'ayi ba, kuma ba na son yi masa ƙarya. Yaya zan yi?

Ƙanin Wani

Ɗan'uwa, kada ka janye ra'ayinka. Yayanka zai gane lallashi ne, kuma zai fi jin ciwonsa.

Amma ka duba nasa ɓangaren. A wurin mutanen zauren, abokin aiki ka amsa wa. Shi kuwa ƙaninsa ya gani yana bin aikin shekarunsa da jan biro a gaban baƙi. Tsoronsa ma ba shirme ba ne. Rinjaye bai goge shi ba.

Kai ma ba ka ci amana ba. Ya koya maka auna hujja, ka auna. Inda ka yi tuntuɓe shi ne hanya: ka rubuta abin da ya kamata ka fara faɗa a zaune.

Saboda haka kada ka sake rubuta masa komai, ko da ban-haƙuri ne. Na lura kai gwanin rubutu ne, kuma nan kake ɓuya. Taka ka je. Ka ce masa ka yi kuskure da ba ka fara zuwa wurinsa ba, ka tsaya nan, ban da “amma”. Bayan kwana biyu, ka ɗauki kwamfutarka ka kai masa wurin da sabon tsarin ya ba ka wuya da gaske, ka tambaye shi dalilin da ya sa ya jera nasa yadda ya jera. Kuna buƙatar wannan sanin, ba alfarma za ka yi masa ba.

Wataƙila ba zai koma zauren ba, kuma haƙƙinsa ne. Kai kujerar kake nema. Idan bai jawo maka ba ranar farko, ka tsaya a tsaye kusa da shi, kamar mai fara koyo.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya bar ku tare.