Wayar da na naɗe a turke

Garwa, daren Laraba, cikin Rajab

Kwana uku murya tana shaƙewa a tarhon Jamusawa. Yau Baturen waya ya gano dalili a hanyar Pitowa: ragowar waya ce aka nannaɗe a turken ƙarfe. Tafinta ya ce wai wutar magana kai-da-komo take yi, naɗin nan kuwa turje mata yake.

Ni na naɗe ta. Ubana masaƙi ne, ban saba yanke zare mai kyau in yar ba.

Amma abokin aikina Hamadu aka kora, don sashensa ne. Ina tsaye, na bar laifin a kansa. Da la'asar ya kawo mini igiyarsa ta hawa turke, ya ce, "Yaya, riƙe, taka ta tsufa."

Ga ta nan bakin tabarma. Na kasa taɓa ta.