Ƙunshin Mushen Deule

Tamaske, Talata, 14 ga Mayu 1985

Yau na tashi da ɗan sauƙi. Tarin bai sake ni ba, ƙafar hagu tana nan a kumbure, amma hannu ya bar rawa har na iya riƙe alƙalami. Alhamdu lillahi.

Ya Balki, sanyin idona, gawon fadamata, ke da kike kore a lokacin da kowane icce ya zubar da ganyensa! Ya ruwan farko a kan duwatsun Adar, rijiyar da ban taɓa zura guga ya fito wayam ba, abokiyar zamana ta shekara arba'in da shida! Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya cire takalmi, bai san ko za a ce masa ya shigo ba.

Kai kuma mai karanta mata wannan takarda, ko wane ne kai, don Allah kada ka tsallake layi ko ɗaya, kada ka gyara mini magana. Inda na ƙasƙantar da kaina, karanta mata yadda na rubuta.

Na sami ƙunshinki, Balki. Na same shi! Wata uku yana yawo a ƙasar nan yana nemana, ni kuwa ina zaune a zaure ina cewa kin manta da ni. Ke kina Madawa kina ƙirga kwanaki, kina cewa na karɓa na yi shiru don girman kai. Wayyo! Ina ma a ce girman kan ne kaɗai, ai da na san inda zan kama shi in karya.

Bari in fara da laifina, don daga nan komai ya taso. Bara da damina ta ƙi, gero ya ƙone a tsaye, aka kawo cimakar taimako. Ina kwance da zazzaɓi, ke kika tafi layi. Mai rubuta sunaye baƙo ne, ya tambaye ki sunan maigidanki, kika sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, kika ja mayafi kika rufe baki. Ta yaya za ki faɗa? Tun ranar da aka kawo ki ɗakina sunan nan bai taɓa fita daga bakinki ba, kamar yadda uwarki ba ta taɓa kiran sunan ubanki ba. Aka aiko aka taso ni. Na zo ina dogara sanda, rana ta dake ni, na ga an tsayar da layi saboda ke, sai na buɗe baki a gaban matan gari duka na ce shekara arba'in da shida kina zaune da malamin lakwal, mai karantar da boko, amma har yau jahilci bai sake ki ba. Aka yi dariya. Kika ɗauko hatsin kika kawo gida, kika daka, kika yi mini kunu. Bayan kwana bakwai kika ce za ki je ganin ɗiyarmu Husaina a Madawa. Wata bakwai ke nan.

Wata bakwai, Balki! Kin san yadda gida yake in babu ƙarar turminki? Kamar kwarin da ruwa ya ɗauke, yashi da dutse kaɗai. Maƙwabta suna aiko mini da tuwo, Allah ya saka musu, amma ba wanda ya san ba na son gishiri da yawa. Nakan yi tari, in saurara, ina jiran in ji kin ce sannu daga ɗakinki. Sai kurciya ta amsa mini daga kan danga.

Ƙarshen watan jiya Ɗanasabe, mai kamiyon nan da ke kai albasa Madawa, ya shigo gaishe ni. Ya ce ya gan ki a kasuwa, kin tambaye shi ko saƙonki ya iso, wanda kika bayar a gidan waya tun sanyi bai fita ba. Ya ce ki faɗa masa abin da ke ciki ya kawo mini da baki, kika ce maganarki tana cikin ƙunshin, ba za ki faɗe ta sau biyu ba. Na san ki. In kin faɗi haka, ko sama za ta faɗo ba za ki ƙara ba.

Gidan waya, Balki? Ke da duk saƙonki a hannun mutane yake tafiya? Sai na gane. Ni ne nake cika miki kunne cewa mai ilimi ta gidan waya yake aike, da tambur da lamba da hatimi. Na ce miki jahila a gaban jama'a, shi ne kika tafi da ƙafarki, ba tare da Husaina ta sani ba, kika bi hanyar 'yan lakwal don ki nuna mini ke ma kin iya.

Kuma tsoro ya kama ni. Me ke cikin ƙunshin? Makullin ɗakinki ne kika maido mini? Takardar saki kike nema, bayan furfura ta rufe mu duka biyu? Na so in hau mota in zo Madawa, amma da wane ido zan tsaya gabanki ban san abin da kika ce ba? Na ce sai na nemo shi, ko da a ciki mutuwata take.

Na fara da Keita, inda wasiƙun Tamaske suke sauka. Shugaban gidan waya ya buɗe mini rajista, muka bi da yatsa layi layi tun daga watan ɗaya. Ba sunana. Ya tausaya mini, ya buga waya Madawa. Muka jira tun hantsi har azahar kafin layi ya samu. Can aka duba aka ce lalle wata tsohuwa ta ba da ƙunshi ranar sha ɗaya ga watan biyu, an ɗaure shi cikin baƙin zane, amma ba Keita aka tura shi ba, Buza aka tura. Na ce a karanto mini abin da aka rubuta a kai. Aka karanto: Mushen Deule.

Na zauna a kan benci. Na ga abin kamar ina wurin. Na gan ki tsugune gaban mai rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar gidan waya, ya tambaye ki sunan wanda za a kai wa, kin ja mayafi. Ko a can, inda ba wanda ya san ki, ko bayan abin da na yi miki, ba ki iya kama sunana ba. Kika ba shi sunan da mutanen Tamaske suke kirana da shi tun da muka dawo daga Deule, inda na karantar shekara goma sha ɗaya, don mushe ake ce wa malamin lakwal. A ganinki duk faɗin Adar ba wanda bai san Mushen Deule ba. Shi kuwa ya ji sunan gari, ya rubuta, aka tura ƙunshin Buza, inda wasiƙun Deule suke sauka. Ba wanda ya yi laifi. Ni kaɗai ne.

Washegari na hau motar kasuwa zuwa Buza. Kin san hanyar, dutse a kan dutse, kowane rami sai na ji shi a haƙarƙarina. A gidan waya na can ba a ma buɗe rajista ba. Ina faɗin baƙin zane ma'aikacin ya yi dariya, ya ce ƙunshin tururuwa ke nan! Ya ce sati biyu ya yi a wurinsu, tururuwa suka yi masa layi tun daga bakin ƙofa har kan kanta, sai suka ba mai kai wasiƙun ƙauyuka ya miƙa shi lakwal ɗin Deule, tun da mushe aka ce. Tururuwa, Balki! Zuciyata ta ɗan kwanta. Na ce a raina, makulli ba ya kiran tururuwa.

Na isa Deule a kan amalanken jaki, rana tsaka. Ya hasken idona, kin tuna gidan malami da ke bayan aji? Kin tuna kurnar da kika dasa a ƙofa shekarar da muka sauka, kina ba ta ruwan da kika wanke ƙwarya da shi, ina yi miki dariya ina cewa awaki za su cinye ta? Kika kewaye ta da ƙaya, kika ce mu gani. Tana nan! Ta fi ɗakin tsawo, mutum goma za su zauna a inuwarta. Na tuna ranar da ruwan farko ya same ki a hanyar rijiya, kika hawo tudu da tulu a ka, zane ya jiƙe, kina dariya, na bar yara a aji na tsaya a taga ina kallonki har na manta abin da nake rubutawa a allo. Na dafa kurnar nan na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Daraktan lakwal na yanzu mutumin kirki ne, daga gabas aka kawo shi. Ya ce ƙunshin yana nan. Sun ga ba nasu ba ne, malamansa duka ba wanda ya san mai aikowa, sai matarsa ta ɗora shi a kan dutse cikin kwanon ruwa don tururuwa, a ɗakin da muka zauna, a lungun da gadonki yake. Na gan shi da idona. Na gane zanen, wanda kike ɗaurawa in za ki daka. Na miƙa hannu, sai ya ce in yi haƙuri, amana ce, sai na nuna shaida cewa nawa ne. Na ciro katina na ɗan ƙasa, mai hoto da hatimi, wanda nake taƙama da shi. Ya duba, ya duba ƙunshin, ya ce sunan da ke katin ba shi ne a kan ƙunshin ba. Gaskiyarsa! Takardun da na bauta wa duk rayuwata suka tsaya a hannuna ba su san ni ba.

Aka ce a kira tsofaffin gari. Waɗanda na karantar duk sun tafi cin rani, yunwa ta watsa su. Sai ga Furera, kin tuna ta, wadda kuke zuwa rijiya tare? Ta tsufa, ido ɗaya ya rufe. Ta matso ta leƙa fuskata, ta tafa hannu ta ce wannan ai mijin Balki ne, Balkin da ta dasa kurna! Ta ce sunana kam ba ta riƙe ba, amma wa zai manta da Balki? Da wannan shaida aka ba ni ƙunshina. Ni da na ɗauka ke ce ake sani da ni, ashe ni ne ake sani da ke.

Na kwance shi a gindin kurna. Kwalbar zuma, ta tsage a wuya, rabi ya tsiyaye cikin zanen. Ƙullin citta da kanumfari da masoro, dakakku, yadda kike haɗa mini in tari ya taso. Da takarda mai layi huɗu, zuma ta jiƙa gefenta. Kin ce a sha cokali ɗaya safe da yamma da ruwan ɗumi. Kin ce an ɗauke surukinmu Lurwanu, mijin Husaina, daga aikin tsaro na jandarmomin Madawa an mai da shi Difa, can ƙuryar gabas, za su tashi kafin azumi, kuma Husaina ta nace sai kin bi su. Kin ce in akwai mai son ki koma ɗakinki, ya aiko. In ba a aiko ba, kin gane.

Kin gane me, Balki? Me kika gane cikin wata ukun nan? Difa! Ni da Buza ta kusa kashe ni, yaushe zan kai Difa? In kika shiga motar nan, ba zan ƙara ganinki ba sai a gaban Ubangiji. Saura kwana bakwai a ga wata. Kwana bakwai!

Na so in wuce Madawa daga can, jiki ya ƙi. A kwance aka dawo da ni Tamaske, malamin likita ya ce in na sake hawa mota a hanyar nan gawata za a sauke. Shi ne na aiki Ɗanasabe ranar Asabar, na ce ya gaya miki akwai mai so, akwai mai roƙo, ya ɗauko ki a gaban mota yau Talata. Tun safe na sa an share ɗakinki, an cika randa, na shimfiɗa tabarmarki a inuwa. Ina rubuta wannan ne ina jira, don in kin iso bakina ba zai iya faɗin rabinsa ba.

Ki yafe mini, ya ruwan sanyi a tsakiyar bazara. Abin da na kira jahilci, girma ne kike ba ni kullum, safe da yamma, shekara arba'in da shida, ni kuwa ban iya karanta shi ba duk da karatuna. Ki dawo. Na yi miki alkawari zan tsaya a wurin da na ci mutuncinki, a gaban matan da suka yi dariya, in janye maganata da babbar murya. Kada ki taɓa kiran sunana har mu mutu. Ba na so. Wanda kika ba ni ya ishe ni.

Naki, muddin akwai numfashi a wannan ruɓaɓɓen ƙirji, kuma naki bayan ya ƙare, in Allah ya haɗa mu,

Mijin Balki, Mushen Deule

Ƙari, bayan la'asar. Kamiyon ya iso. Na ji ƙararsa tun daga gangare, na fita har bakin hanya da sanda. Mutum biyar suka sauko, na dubi kowannensu. Ɗanasabe ya ce Husaina ce ta tare shi a ƙofa, ta karɓi saƙon ta ce za ta faɗa miki, bai gan ki da idonsa ba. Ya ce ya hango akwatuna a ɗaure cikin zaure. Jibi zai koma. Zan ba shi wannan takarda, ya rantse mini ba zai sa ta a hannun kowa ba sai naki.

Ba ki zo ba, Balki. Tabarmar tana nan a shimfiɗe, ban naɗe ba.