Kabad Ɗin da Na Ce Naki Ne

Zuwa ga Raɓata, sanyin safiyata, inuwar da nake gudu cikinta idan rana ta take, uwar 'ya'yana uku, wadda in ta yi dariya nake mantawa da ciwon bayana.

Sallama irin wadda ta dace da ke, da gaisuwar da ta fi ƙarfin wannan takarda. Na san za ki yi mamaki. Shekara goma sha huɗu muna ƙarƙashin rufi ɗaya, da safen nan ma ke kika miƙo mini hulata, to me ya kawo wasiƙa? Ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan. Wannan ce takarda ta huɗu, uku na yaga, suna nan cikin garin katako a ƙarƙashin bencina. Kin san ban yi nisa a boko ba, hannuna ya fi sabawa da guduma a kan biro. Amma akwai maganar da nake ɗaukowa tun daga shago, in na iso ƙofar gida sai ta narke mini a baki. Jiya sau biyu na buɗe baki zan faɗa, kika ɗago idanun nan naki masu kama da tafki bayan an ɗauke ruwan sama, sai na ji kaina ina tambayarki ko yara sun yi aikin makaranta. Shi ya sa na ba maƙwabcina mai walda ya biya ya miƙa miki. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Kin tuna ranar da kika biyo ta shagona, wata takwas ke nan, kin dawo daga kai autarmu rigakafi? Kina goye da ita, zufa ta tsattsafo miki a goshi kamar raɓa a kan ganye. Na gama shafa wa wani kabad mai ke nan, mai ƙofa uku da madubi a tsakiya, yana ta sheƙi a bakin ƙofa. Kika tsaya. Kika ɗora tafin hannunki a jikinsa yadda ake shafa kumatun jariri, kika ce wadda za ta samu wannan ta dace. Ba ki roƙa ba, wallahi ba ki roƙa ba, ke ba ki taɓa roƙona komai ba! Amma mai walda da mai faci suna zaune a benci suna kallonmu, ga ki kuma kina haske kamar wata ɗan daren sha huɗu da ya yi ɓatan hanya ya fito da rana. Ban san abin da ya hau kaina ba. Na ce, "Naki ne. Don ke na yi shi."

Raɓata, ba naki ba ne. Ba don ke na yi shi ba.

Na wata dattijuwa ne, tsohuwar malamar makaranta. Shekara talatin da biyar tana koyarwa, tufafinta a cikin akwatuna da jakunkuna. Da aka ba ta kuɗin sallama daga aiki, ta zo ta ƙirga mini kuɗin kabad ɗin cif a kan bencina, ta ce tana so kafin ta mutu ta ga kayanta a rataye. Da mota ta tafi da shi gidanmu na ce wa kaina ba komai, sati biyu ya ishe ni in yi mata wani. Ai haka nake aiki tun da na buɗe shagon nan: wanda ya ba da kafin alƙalami yau, da kuɗinsa nake sayen katakon da zan ƙarasa aikin wanda ya biya watan jiya. Na gobe kuma ya rufe na yau. Ban taɓa kiran wannan bashi ba, juya kuɗi nake kiransa. Ni da na fara da tsohon zarto da ƙusoshin da nake tsinta ina miƙewa da dutse, ni zan ci bashi? Kin tuna lokacin da Yayanki ya ce zai ranta mini in sayi injin yanka katako, na ɗaga masa hannuwana na ce ga bankina nan? Har da fenti ja na rubuta a bangon shago da manyan baƙaƙe: BA BASHI.

A ƙarƙashin rubutun nan Malama take zama. Duk Talata sai ta zo da 'yar lemarta. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya, da ma ta zage ni da na ji sauƙi! Takan gaishe ni, ta tambayi iyali, ta zauna rabin awa tana kallona ina aikin wani, ta tashi ta tafi. Na ce mata katako ya yi tsada. Na ce damina ta hana shi bushewa. Na ce madubin ya fashe a hanya. Har mai walda ya fara tsokanata, wai 'yar makarantar nan tawa ba ta fashi, yaushe zan ba ta takardar gamawa. Nakan taya shi dariya. Shekaranjiya ta ɗaga lemarta ta nuna bangon, ta ce, "Ɗana, rubutun nan mu kaɗai ya shafa, ko har da kai?"

Da ta tafi na jawo wani guntun filanki, na zaro fensirin da ke bayan kunnena, na fara rubuta duk wanda ya biya bai karɓi kayansa ba. Na zaci mutum huɗu ne ko biyar. Sha ɗaya ne, har da mai katakon da yake bina kuɗi, wanda nake ce wa abokin hulɗa. Na yi ƙoƙari in gane kuɗin wa ya tafi ina, sai kaina ya ɗaure kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Kuɗin gadon direban asibiti suna cikin ƙofofin wani mai shagon magani. Kuɗin mai shagon maganin na kai makarantar yara. Kuɗin wani tela, ina jin su ne atamfar nan shuɗiya da kika sa ranar da ƙanwarki ta haihu, ko kuwa babur ne? Ban sani ba! Tun ranar nake duba gidanmu da wasu idanu. Kujerun falo, fankar ɗakinki, agogon hannuna da nake yawan dubawa a gaban mutane ko ban da inda za ni. Wanne ne nawa? Me na taɓa ba ki wanda ba hannun wani a cikinsa? Ni ɓarawo ne? Zuciyata ta ce a'a, ai niyyar biya nake da ita kullum. To in ba ɓarawo ba ne, me ake kiran mutumin da ya yi kyauta da kayan tsohuwa don a ce masa namiji a gaban mai faci? Wani lokaci nakan ji ƙaunarki ce ta sa na yi. Wani lokaci in ji ƙaunar kaina ce, na yafa mata mayafinki. Na auna, na sake aunawa, ma'aunin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Abu ɗaya dai na sani, tauraruwata: katako na wani ne, kuɗi na wani ne, amma bugun da ƙirjina ya yi lokacin da kika ɗora hannu a jikin kabad ɗin, wannan ba wanda ya ba ni kafin alƙalaminsa.

Ga abin da na yi zuwa yanzu, kada ki zaci surutu ne kawai. Jiya na sayar da babur, da ƙafa na dawo gida, na ce miki yana wurin gyara. Ƙaryar ƙarshe ke nan, ki haɗa ta da sauran ki yafe. Na rage wa mai katako rabin abin da yake bina, na mayar wa tela kuɗinsa, na ja layi a kan suna ɗaya. Na ɗauko farin fenti na shafe rubutun bangon, mai walda yana tambaya ko ƙaura zan yi. Da hantsin nan wani ya zo da kuɗi a hannu yana son teburi shida. Na ce masa ba na karɓar sabon aiki sai na sallami na baya. Ya tafi da kuɗinsa, kuɗin da da sun rufe mini bakin mutum uku cikin masu bina. Daidai na yi ko wauta? Har yanzu ban sani ba.

Sannan na nemi gidan Malama, na durƙusa a tsakanin akwatunanta na gaya mata inda kabad ɗinta yake. Na ce ta ƙara mini wata biyu in yi mata sabo. Ta ce ta san tsawon wata biyu irin nawa, wanda na auna ta na yi, shi take so, ko da an yi amfani da shi. Da na miƙe zan tafi ta ce, "Ka fara gaya wa matarka. Ni kabad nake bin ka. Ita ban san abin da take bin ka ba."

Kalmar nan ta aunawa ce ta tsaya mini a rai. Malama gajeriya ce, daidai kafaɗarki. A tsawonta na kafa madubin. Ke kuwa doguwa ce kamar giginya a bakin rafi, kuma wata takwas ke nan ina kallonki duk safiya kina rusunawa kafin ki ga ɗaurin ɗankwalinki. Sau ɗaya tak kika ce, cikin wasa, "Mai Guduma, ka manta tsawon matarka ne?" Na ce haka ake yayi yanzu. Kika yi murmushi, ba ki sake tayar da maganar ba. To ki gaya mini don girman Allah, kin sani? Tun ranar kika gane, kika yi shiru don kada in kunyata? Ko kuwa da gaske kin yarda ni, da na san tsawonki ko idona a rufe, zan yi irin wannan kuskure? In kin sani, ina zan sa fuskata? In ba ki sani ba, yaya zan ɗauke abin da kika nuna wa ƙawayenki kina cewa mijina ne ya yi mini da hannunsa? Ban san wanne ya fi ciwo ba.

Ga roƙona, kuma ban taɓa roƙon ɗan'adam ba tun da na yi wayo. Bayan la'asar zan zo da motar ɗaukar kaya. Ba zan sa kowa ya taɓa shi ba sai da izininki, don bakina ne ya ba ki. In kin amince, ki kwashe kayanki ki bar ƙofofinsa uku a buɗe, ina shiga zan gane. In na tarar a rufe, zan sallami motar, in sayar da injin yanka in mayar wa Malama kuɗinta, in koma zarton hannu yadda na fara. Ban faɗi haka don in matsa miki ba. Ko kuwa don haka na faɗa? Kin ga, ko a nan ma ban yarda da kaina ba.

Ki yi fushi, Raɓata. Ki yi mini faɗa har maƙwabta su ji, ki daina dafa mini abinci mako guda. Amma kada ki yi mini irin shirun Malama, ba zan iya ɗaukar biyu ba.

A ƙasan filankin nan na ƙara suna ɗaya, na goma sha biyu. Naki ne. Na sa ki a ƙarshe ba don kin fi kowa ƙanƙanta ba, sai don ina so ranar da na zo kanki ya zama ba hannun kowa a cikin katakon. Wataƙila shekara, wataƙila fiye, kayanki za su koma akwati kafin nan. Amma zan zo da tef ɗin awo a aljihuna yau. In kin yarda in dube ki, ki tsaya a jikin bangon da kabad ɗin zai bari, ki miƙe sosai, ki ɗaga kanki. Zan sa alama da fensiri daidai idanunki.

Naki, a tsaye ko a durƙushe, yau da gobe har ranar da hannuwan nan za su kasa riƙe guduma, da bayan nan ma,

Mai Guduma