Kayen Zafin Rumfar Shanu

Assaga, 9 Afrilu 2018

Zuwa ga Madam Naomi, likitar dabbobi, Diffa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ma'aikatan biro, wato ofishinku, baki ɗaya, ina sanar da ke cewa wannan takarda da hannuna na rubuta ta, wata bakwai kacal bayan shigata ajin yaƙi da jahilci. Na san kin ce waya ta isa, amma aikin bincike ya fi dacewa da takarda.

Shanu huɗun da proje, wato shirinku na tallafi, ta ba mu suna nan cikin rumfar kwano, tun da sojoji ba su buɗe bakin kogin Kumadugu don kiwo ba. Kullum bayan azahar ina duba ma'aunin zafi, in shigar da lambarsa a kaye, wato littafin rubutu, kamar yadda kika koya mini. Ina kula da ma'aunin matuƙa, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Na kuma yi wa rumfar wani gyara da tunanina, wanda za ki yaba ranar da aka ba ki izinin hanya.

Madara ta ɗan ragu, daga litir ashirin zuwa goma sha uku. Goggo Kubra, ƙanwar mahaifina da ke tatsa, tana ta ƙorafi. Na bayyana mata cikin ladabi cewa kiwon da ta sani a bakin kogi daban ne, wannan kuwa na ilimi ne.

Ga kofin shafi uku ta hannun Abbakar direba. Ki huta lafiya.

Ni ne Malam Fannami Tahir, mai riƙe da kayen bincike.

Diffa, 14 Afrilu

Malam Fannami, ina gaisuwa, ina kuma gaida Goggo.

Rubutunku ya yi kyau, amma lambobin sun ɗaure mini kai. Kun rubuta digiri 33 a rumfa, mu kuwa nan Diffa 44 muke gani a inuwa. In haka ne, rumfarku ta fi birona sanyi, sai in kwaso tebur in dawo cikin shanu.

Ga dalilin damuwata. Ranar 2 ga Mayu zan kai sakamakon binciken wurin taro a Zinder. In lambobinku daidai ne, za a gina irin wannan rumfa guda goma a Yébi. To amma saniyar da ke jin daɗi ba ta rage madara haka. Masu bincike a kan shanun da ake tsarewa a ɗaki yanzu ba su tsayawa ga ma'auni kaɗai, suna ƙirga numfashin saniya. Don Allah ku ƙirga na Fara, mai cikin nan, minti ɗaya bayan azahar. In ya wuce tamanin, ku kira ni nan take.

Ma'aunin yana kan ƙusar da na rataye shi? Kuma me Goggo take cewa?

Naomi Yakubu

Assaga, 19 Afrilu

Zuwa ga Madam Naomi, bayan gaisuwa da girmamawa.

Takardarki ta iso, na karanta ta da kaina ba tare da taimakon kowa ba. Ma'aunin zafi yana wuri mai kyau. Batun numfashi kuwa, ina kan nazarinsa, domin saniya ba ta tsayawa wuri ɗaya. Maganar Goggo irin ta tsofaffi ce, ba ta kai a ɓata mata takarda ba.

Ki kai lambobin Zinder da kwanciyar hankali.

Malam Fannami Tahir

Assaga, 28 Afrilu

Zuwa ga Madam Naomi.

Ina gaishe ki, in har za ki karɓi gaisuwata bayan kin karanta wannan. Sau uku ina fara ta ina yagawa.

Fara ta yi ɓari shekaranjiya. Jiya da rana ta faɗi ba ta tashi ba, sai da aka sa mata wuƙa.

Yanzu zan faɗi abin da na ɓoye. Ranar da kika tafi, na dubi ma'aunin a kan ƙusa, na ga ƙaho ɗaya zai iya fasa shi, a ce Fannami bai iya riƙon amana ba. Sai na cire shi, na naɗe a tsumma, na ajiye shi a ɗakina na ciyawa, gindin randa. A can nake karanta shi kullum. Lambobin da na aiko miki duka zafin gindin randata ne.

Gyaran da na yi alfahari da shi kuwa zana ce. Mutane suna zuwa kallon shanun suna yaba su ba tare da sun ce masha Allah ba, na ji tsoron bakinsu, na kewaye rumfar da zana biyu biyu tun daga ƙasa har kwano. Na tsare su daga ido, na kuma tsare su daga iska.

Numfashin Fara na ƙirga shi tun ranar da takardarki ta zo. Ɗari da goma sha biyu ne, bakinta a buɗe, harshe a waje, yawu na zuba. Na riƙe biro na kasa rubutawa, domin lambar za ta ƙaryata shafi ukun da na tsara da kyau. Ban kira ki ba. Wannan ya fi komai yi mini nauyi.

Da Fara ta faɗi, Goggo ba ta nemi izinina ba. Ta ɗauki lauje ta tsinke igiyoyin zana, ta sa mata suka jiƙa buhuna suka lulluɓe sauran ukun. Sannan ta juyo a gaban jama'a ta ce, "Fannami, shanun nan a Kumadugu har wuya suke shiga ruwa da rana. Kwana ashirin ina gaya maka suna dahuwa, kana nuna mini takarda. Takardar ce za a tatsa?"

Kafin a cire zanar gefe na ƙarshe na mayar da ma'aunin kan ƙusarsa. Ya nuna 47.

Ina roƙonki kada ki kai shafukana Zinder, kada shanun mutanen Yébi su mutu saboda ni. Ga kaye da biro na mayar ta hannun Abbakar. A nemi wanda ya cancanta.

Fannami

Diffa, 5 Mayu

Malam Fannami, ina gaisuwa. Allah ya mayar da alheri a kan Fara.

Takardarku ta same ni a tasha, rahoto kuma ya riga ni isa Zinder. Sai da na tsaya gaban mutum talatin na ce a soke shafi na shida, lambobin ba na rumfa ba ne. Wani ya tambaye ni na ina ne, na ce na randa. An yi dariya, ni ban yi ba.

Na yi fushi da ku kwana biyu. Amma ni ma na ga madara tana faɗuwa, na bar 33 a rahoto don ta yi mini daɗi. An dakatar da rumfunan Yébi. Za a sake zane, rufi mai tsawo da ciyawa a kan kwano, gefe a buɗe.

Na dawo muku da kaye, domin a Assaga ba ni da wanda ya san abin da lambar ƙarya take ci kamar ku. Sharaɗi ɗaya ne. A ƙasan kowane shafi ku rubuta abin da Goggo ta ce, yadda ta faɗe shi, ba gyara.

Naomi

Assaga, 8 Mayu

Zuwa ga Madam Naomi, bayan gaisuwa da godiya.

Yau bayan azahar, a kan ƙusa: 43. Numfashin jar saniya: 74. Madara: litir tara.

Abin da Goggo ta ce: "Ukun sun ci, sun sha, ja ta fara tuƙa. A ƙara ruwa da la'asar. Mai rubutu kuma ya matsa daga bakin rumfa, yana tare musu iska."

Na rubuta, na kuma matsa.

Ki huta lafiya.

Fannami