Mai Magana Na Bakwai

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake fakewa in rana ta take, Malamata mai jaka cike da takardu,

Gaisuwa irin ta wanda kewa ta hana shi riƙe almakashi daidai. Ya fama da kundi? Ni jikina ƙalau, zuciyar ce babu lafiya, kuma yau zan faɗa miki dalili, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagona? Ina tsakiyar yi wa wani dattijo aski kika yi sallama, kika ce ke ɗalibar digiri na biyu ce a kimiyyar harshe, kina binciken yadda mutanen birni ke sauya harshe da karin magana gwargwadon wanda ke gabansu. Wai an ba ki labarin mai askin da ke juya harshe huɗu kamar yadda yake juya kujera. Kika ajiye 'yar rikodarki tsakanin kwalbar man gashi da buroshi, jar fitilarta ta kama. Wallahi tare da ita wani abu ya kama a ƙirjina, saura kaɗan in raba dattijon nan da kunnensa!

Wata takwas ke nan, kowace Talata kina tafe kamar ruwan farkon damina, ni kuwa busasshiyar ƙasa. Sai ranar da aka wuni ana ruwa, babu mai aski ko ɗaya, kika roƙe ni in yi miki magana da karin ƙauyen mahaifiyata, wanda nake ɓoyewa don kada 'yan birni su yi mini dariya. Na rera miki waƙar da take lallashina da ita. Tun rasuwarta ban bari kunnen kowa ya ji ta ba. A tsakiyar waƙar na tsaya, kika dafa hannuna, na ce a raina, shi ke nan, na samu matar aure.

Shekaranjiya na shiga shagon maƙwabcina mai buga takardu, na tarar da kundinki ana shirin ɗinke shi. Na buɗe don in yi alfahari da ke. Ina ma ban buɗe ba! Shafi na sittin da huɗu: “Mai magana na bakwai, namiji, mai aski, harshe huɗu.” A ƙasa ga waƙar Innata an yayyanka ta gunduwa-gunduwa, da wasu alamomi kamar sawun tururuwa. A tsakiya kuma kin rubuta: “Ya yi shiru na daƙiƙa tara.”

Daƙiƙa tara! Haba farin watana, ashe ƙirgawa kike yi? Ina haɗiye hawaye, hannunki na kan nawa, idonki na kan agogon rikoda?

Tun daga nan zargi ya ɗare mini wuya. In ni ne na bakwai, akwai shida kafin ni, kuma na ga lissafin ya kai sha biyu. Su ma ana yi musu murmushin nan mai narka dutse? Mai magana na tara direban bas ne, harshe biyar, ya ɗara ni da ɗaya. Shi wace rana ce tasa? Ranar da kika tsokane ni har na hau faɗa, kina ta dariya, wasan masoya ne, ko so kike ki ji da wane harshe nake fushi? Yayata ta daɗe tana ja mini kunne, wai 'yar jami'a ɗiban ruwa ta zo, in tulu ya cika ba a waiwayen rijiya. Da can nakan ce mata hassada ce. Yanzu na daina faɗin haka.

Ba na ce kin yaudare ni ba. Tun farko kin faɗa mini ana ɗauka, kin yi alkawarin sakaya sunana, kin kuwa cika. Abin da ke cina shi ne ban taɓa ganinki babu jakar nan ba, ban san wace ce ke ba in fitilar ta mutu.

Ga kuma takardar amincewa da kika kawo mini, wadda malaminki ya ce in ban sa mata hannu ba waƙar ba za ta shiga kundi ba, babi na huɗu ya rushe, ga shi ranar Alhamis za ki tsaya gaban malamai ki kare aikinki. Mako biyu tana kwance a aljihun teburina ƙarƙashin reza. Na ce miki biro ya ɓata, na ce hannuna da sabulu. Ƙarya nake yi, tsoro ne. A mako biyun nan sau biyar kika zo, abin da ba ki taɓa yi ba, kuma kullum in kin fita sai in tambayi madubi, ni aka zo gani ko takarda?

Na gaji da riƙe tsuntsuwa da zare. Ga takardar nan cikin wasiƙar, na sa hannu. Ki je ki kare kundinki, Allah ya ba ki sa'a, ki sa manyan malamai su ji muryar Innata. Daga yau babu abin da kike nema a wurina, babu ko kalma ɗaya.

Ranar Talata mai zuwa zan share shago, in goge kujerar da kike zama, in sallami duk wanda ya zo aski bayan la'asar. Ki zo hannu rabbana, ya turaren zuciyata, ba jaka, ba rikoda, mu yi shirun da babu mai ƙirga shi. In ba ki zo ba, na ji amsa, ba zan bi ki da ƙorafi ba. Takardar ta ce ina da damar janyewa duk lokacin da na so. Ki gaya wa wanda ya rubuta ta bai san ni ba, ni ba na janyewa, daga kundin ko daga sonki.

Naki har numfashi ya ƙare,
in kin zo, mai askinki,
in ba ki zo ba, Na Bakwai.