Kusurwar da ke Tashi a Bayan Gidan Baba

Naseby, 19 ga Agusta

Zuwa ga ƙanena Fergus,

Gaisuwa mai yawa daga ƙasar sanyi zuwa gare ku masu fama da gumi a Darwin. Ina fatan kai da Petra da yara kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara muku ita. Mu nan lafiya lau, sai dai sanyin bana ya wuce misali, ruwan famfo ma sai an lallashe shi yake zuwa. Ƙugun Baba da ya karye yana ɗinkewa, har ya fara yi wa masu jinya faɗa kan shayi, ka san kuwa sauƙi ya samu ke nan.

Abin da ban faɗa maka a waya ba shi ne saura ƙiris a hana shi komawa gida. Ma'aikaciyar asibiti ta zo duba gidan kafin a sallame shi. Ƙofar gaba matakala ce, don haka dandamalin alluna da ke kan ginshiƙai a ƙofar baya ne kaɗai hanyar da ƙarfen dogarawarsa mai taya zai bi. Ta tarar kusurwa ɗaya ta tashi kusan yatsa huɗu, alluna biyu sun kumbura, ƙofa na gogar su. Ta ce in ba a gyara cikin mako biyu ba, gidan tsofaffi na Alexandra za a kai shi. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Na kira Hoani kafinta, wanda kuka yi makaranta tare. Ya ce allunan ba su da laifi, irin na gaurayen roba da garin katako ne, ba sa ruɓewa, ciwon yana ƙasa. Ya cire guda shida, muka leƙa. Ashe jiƙaƙƙiyar ƙasa in ta daskare kumbura take, ta kama gindin ginshiƙi ta ɗaga shi, in ta narke kuma ba ya komawa daidai. Ni dai abin da ya hana ni sakat shi ne, ginshiƙai tara ne, zurfinsu ɗaya, me ya sa guda ɗaya tak ya tashi? Hoani ya ce in bar shi ya yi aikinsa, shi ba ɗan sanda ba ne. Ka san hali na, ban bari ba. Na duba indararo, lafiyarsa lau. Na sa aka tone bututun ruwa, ko ɗigo ba ya yi. Hoani ya haƙa gindin ginshiƙi na gaba, ƙasa a bushe kamar gari, amma wannan ɗin ƙanƙara ce tsantsa har zurfin gwiwa. Ya ce da ba tsohon ba ne da sai ya rantse wani ke fitsari a wurin kullum.

Da na rasa ta cewa sai na tambayi Baba a asibiti. Ya ce ai nan yake juye gorunan roba na ruwan zafi da ake ɗumama gado da su, kowace safiya, a gindin itacen furen wardin Mama da ke jikin ginshiƙin, don nan ita ma take juye nata. Na ce goruna kuma, ba ɗaya ba? Ya ce biyu. Fergus, shekara huɗu da rasuwar Mama, kullum yana cika tata ya sa a gefenta na gado. Sai da na fita waje na yi kuka ya ishe ni.

Hoani ya ce gyara mai sauƙi ne, amma dole a daina zuba ruwa a wurin, in ba haka ba baɗi war haka kusurwar za ta sake tashi. Da na kai wa Baba saƙon, ya ce to a kai shi Alexandra ɗin kawai, can babu wanda zai dame shi da dokoki. Na koma na tambayi Hoani ko ginshiƙin ne ba zai iya matsawa ba. Ya yi tsaki, ya ce duk zuriyarmu kanmu dutse ne, sannan ya ɗauko ma'auninsa. Ya matsar da shi taki biyu, ya haƙa rami mai zurfi ya zuba tsakuwa da kankare, ya ƙara katako mai kauri ya ɗauki kusurwar, ya mayar da allunan da 'yar tazara don su samu wurin miƙewa da zafi. Ma'aikaciyar ta dawo ranar Laraba, ta tura ƙarfen dogarawa daga mota har kicin, ta sa hannu.

Jiya na kawo shi gida. Da yamma na ɗora ruwa, tsabar gajiya na cika gora ɗaya na kai masa. Ya karɓa, ya riƙe ta a ƙirji, amma bai tashi daga kujera ba. Na koma kicin na sake ɗora buta.

Ka gaishe mini da Petra, da Isla, da Callum mai ƙiriniya. Gwaggo Elspeth na gaishe ku. Ka kira Baba ranar Lahadi, amma kada ka nuna masa ka sani.

Taka yayarka,
Moira